MALAM KO LIKITA? DARASIN DA FARFESA MALIK BADRI YA BAR MANA

Duk wanda ya daɗe da zama a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Shagamu, ya san wannan al'amari, in bai faru a gidansu ba to ya faru a maƙwabta. Yaro ne zai zo ci-rani lafiyarsa lau, yana gadi, ko dako a kasuwar Mil Sha Biyu, ko tallar goro. Kwatsam sai a ga ya daina barci, ya daina cin abinci, yana surutai shi kaɗai, ko kuwa ya shige ɗaki ya ƙi kula kowa. Nan da nan sai 'yan garinsu su taru a yi shawara. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce ƙwaya ce, wani kuma can daga gefe ya ce a kai shi Yaba ko Aro, a yi masa caa. Ƙarshenta dai, sau da yawa, sai a yi karo-karo, a ɗaure masa hannu da rawani, a sa shi a bayan motar da ta sauke shanu, a ce a kai shi gida wurin iyaye. Daga nan kuma sai labari ya ɗauke.

Gardamar da ake yi a irin wannan zama guda ɗaya ce, watau shin wannan ciwo na malam ne ko na likita? Mutane da yawa sun ɗauka tilas a zaɓi ɗaya a bar ɗaya, kamar dai wanda ya je asibiti ya raunana imaninsa ne, wanda ya je wurin malam kuwa jahili ne. To akwai wani Shaihun Malami ɗan ƙasar Sudan da ya ƙare rayuwarsa, shekara kusan 60, yana bincike a kan wannan tambaya. Sunansa Malik Babikir Badri. Yau za mu duba aikinsa, mu auna shi da abin da sauran masu bincike suka gano, sa'an nan mu ga ina muka dosa a ƙasan nan.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

A watan Satumba na shekarar 2019 ba a manta ba, 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane wajen 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Daga nan aka yi ta fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya da Ilori. A watan Nuwamba na wannan shekara abin ya iso nan Kurmi, inda aka fito da mutum 259 daga wani gida a unguwar Ojo ta Badun. A cikin watan ne kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton cewa ta ziyarci wurare 28 da ake tsare masu taɓin hankali a jihohi 8 da Abuja, ta tarar ana ɗaure mutane da sarƙa a 27 daga cikinsu. Kada wani ya ɗaga kai ya ce na wasu ne. A cikin wuraren nan akwai na Musulmi, akwai na Kirista, akwai na bokaye, har da na gwamnati.

A watan Janairu na 2023 Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ita ma kuwa asalinta dokar Turawan mulki ce ta 1916. Dokar ta ce mai taɓin hankali mutum ne mai haƙƙi, ba a azabtar da shi, ba a wulakanta shi, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kuɗi domin wannan aiki. Wannan abin yabawa ne. Amma doka a takarda ba ta haifar da likita. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasan nan ta sha faɗin cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, ga shi kuma wasunsu na ta ficewa ƙasashen waje. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Badun da abokan aikinsa suka buga a 2006, bayan sun tattauna da mutum kusan 5,000 a ƙasar Yarabawa, ya nuna cewa a cikin masu ciwo mai tsanani kashi 8 cikin ɗari ne kawai suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Ashe ke nan ko an so ko an ƙi, malam da fasto da mai maganin gargajiya su ne ƙofar farko da jama'a ke bugawa. Saboda haka tambayar da Badri ya yi ta fama da ita tambayarmu ce.

WANE NE MALIK BADRI?

An haife shi a 1932 a garin Rufa'a, a bakin kogin Nilu Shuɗi. Mahaifinsa, Shaihu Babikir Badri, ya yi yaƙi a rundunar Mahadi yana saurayi, daga baya kuma shi ne ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Sudan a 1907, a nan Rufa'a ɗin, ya fara da 'ya'yansa da na maƙwabta. Daga wannan iri ne Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Umdurman ta tsiro. Watau Malik ya tashi a gidan da aka riƙe addini aka kuma riƙe boko, ba a ga saɓani tsakaninsu ba.

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Amurkawa ta Bairut a 1956, ya sami digirin dokta a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1961, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1960 ya koyi aikin warkar da masu damuwa da firgita a asibitin Middlesex na Landan. Shi ba likitan allura da ƙwaya ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam ne, watau mai magani ta hanyar sauraro da magana da sauya tunani da ɗabi'a. Ya koyar a Labanan da Jodan da Sa'udiyya da Sudan, ya daɗe a Malesiya tun daga farkon shekarun 1990, daga baya ya koma Istanbul ta Turkiyya. A 2017 ya kafa ƙungiyar duniya ta masana halayyar ɗan Adam a bisa tafarkin Musulunci. Allah Ya yi masa rasuwa a Malesiya a watan Fabrairu na 2021, yana da shekara 88.

Abin da ya fara buɗe masa ido ba ma maganar addini ba ce. Akwai wata jarrabawar auna basira da Amurkawa suka ƙago, inda ake ba yaro fensir da takarda a ce ya zana mutum, a ba shi maki gwargwadon abin da ya fitar. A binciken da ya buga a 1965, Badri ya gwada ta a kan yaran Sudan, sai ya ga yaran ƙauye da ba su saba riƙe fensir ba, ba su saba ganin hotuna ba, suna faɗuwa warwas, na birni kuwa suna haye su. Ya ce ai wannan ma'auni ba basira yake aunawa ba, sabo da kayan zamani yake aunawa. Mudun da aka sassaƙa a wata kasuwa, in ka kawo shi wata kasuwar ba ka duba ba, sai ka cuci mai saye ko mai sayarwa. Daga nan ya fara tambayar kansa, to sauran abubuwan da aka koya mana fa?

RAMIN DAMO

A zamanin da Badri ke ɗalibi, ra'ayin Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana, shi ke mulki a wannan fanni. Freud kuwa a rubuce-rubucensa, musamman na 1907 da na 1927, ya ɗauki addini a matsayin ruɗi, ya kamanta ibada da irin maimaita abu da mai ciwon waswasi ke yi. Ɗaliban da suka fito daga ƙasashen Musulmi sai su haddace wannan, su koma gida su koyar da shi, alhali su da kansu suna salla suna azumi. In maras lafiya ya kawo zancen Allah a ɗakin magani, sai a kawar da kai, ko ma a rubuta shi cikin alamun ciwo.

A 1976 Badri ya gabatar da wata lacca a Amurka inda ya ce masana Musulmi sun shiga ramin damo. Ya ari wannan ne daga hadisin nan sananne mai gargaɗi a kan bin sawun waɗansu al'ummai ido rufe, ko da wane irin ƙunci suka kutsa. Laccar ce ta zama ɗan littafin da ya fito a Landan a 1979, wanda aka fassara cikin harsuna da dama, shi ne kuma ya sa sunansa ya zagaya duniya.

Amma fa a lura, domin nan ne mutane ke yi masa gurguwar fahimta. Badri bai ce a zubar da ilmin Turawa ba. Cewa ya yi a tankaɗe shi a rairaye. Abin da aka tabbatar ta hanyar gwaji, kamar yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da yadda ake koyon ɗabi'a da yadda ake barinta, da dabarun cire wa mutum tsoro sannu a hankali, wannan na kowa ne, shi da kansa da su yake aiki. Abin da ya ƙi shi ne falsafar da aka cusa a ciki aka kira ta kimiyya, wadda ke cewa mutum nama ne da jini kawai, ba shi da ruhi. Ya ce masani Musulmi kan bi matakai uku: da farko ya ruɗu da ilmin baƙi, sa'an nan ya yi ta ƙoƙarin sasanta shi da addininsa ko da ta ƙarfi ne, daga ƙarshe ya 'yantu ya tsaya da ƙafarsa.

Ya ba da labarin wata matashiya da ya duba a ƙasar Maroko, mai fama da fargaba da baƙin ciki, wadda aka daɗe ana yi wa magani ba ci gaba. Rannan a zaman da ake yi da marasa lafiya a tare, sai ya karanta wata aya mai magana a kan gafarar Allah ga wanda ya yi laifi ya tuba, ba ma dominta ba. Sai ta fashe da kuka. Ashe wani laifi ne da ta ɗauka ba ya yafuwa yake cin ta a rai. Da aka tattauna wannan, sai sauƙi ya samu. Darasin a nan shi ne, likitan da ya toshe kunnensa ga imanin maras lafiya ya jefar da mabuɗin ɗakin da yake son shiga.

Haka kuma a littafinsa na 1976 a kan shan giya, ya kwatanta yadda aka hana giya a Madina mataki mataki, bayan an gina imani da zumunci a zukata, da yadda Amurka ta hana ta da ƙarfin doka daga 1920 zuwa 1933 abin ya gagara. Mu da muka ga an hana maganin tari mai kodin a 2018 amma matasa suka koma wa wasu ƙwayoyin, ya kamata mu yi tunani a kan wannan.

LITTAFIN DA YA SHEKARA DUBU

Wani babban aikin da Badri ya yi shi ne tono wani malami na ƙarni na 9 da na 10, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934. Littafinsa, Masalihul Abdani wal Anfus, yana ajiye da rubutun hannu a Istanbul. Badri ya fassara ɓangaren da ya shafi lafiyar rai zuwa Turanci, ya fito a 2013.

Wannan malami, tun wancan zamani, ya kasa ciwon rai gida gida: fushi, tsoro, baƙin ciki, da waswasi. Ya kuma raba baƙin ciki kashi biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko asarar dukiya, wannan maganinsa nasiha da lallashi da gyara tunani. Akwai kuma wanda ke faɗo wa mutum haka kawai ba dalili, ya hana shi walwala da sha'awar komai, wannan ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da maganin jiki. Ya kuma ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo.

Jama'a, a dubi wannan da kyau. Malamin Musulunci ne, shekara fiye da 1,000 da suka wuce, yake cewa wani baƙin cikin ciwon jiki ne mai bukatar magani. Bai ce raunin imani ba ne, bai ce a sa mutum a turu ba. Saboda haka mai cewa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa al'adar Nasara ce, bai san tarihin gidansu ba.

ME MA'AUNI YA NUNA?

Ra'ayi daban, hujja daban. To me masu ƙididdiga suka gano? A nan sai mu leƙa Amurka, inda wani masanin halayyar ɗan Adam, Farfesa Kenneth Pargament na Jami'ar Bowling Green a jihar Ohayo, ya shafe shekaru yana auna yadda mutane ke jingina da addini a lokacin masifa. Babban littafinsa a kan haka ya fito a 1997. Abin da ya gano shi ne, tambayar ba wai mutum yana da addini ko ba shi da shi ba ce, a'a, yaya yake riƙe da shi in wuya ta zo.

Akwai riƙo mai kyau: mutum ya ga Ubangijinsa mai jinƙai ne, ya yi nasa ƙoƙari ya bar wa Allah saura, ya nemi taimakon jama'arsa, ya yafe. Akwai kuma riƙo mai wahalarwa: mutum ya ɗauka Allah Ya yashe shi, ko azaba ce ake yi masa, ko Shaiɗan ne ya mallake al'amarinsa. A wani bincike da Pargament da abokansa suka buga a 2001, sun bi marasa lafiya 596 masu shekara 55 zuwa sama har shekara biyu. Waɗanda ke da irin wannan tunani na biyu, haɗarin mutuwarsu ya ɗara na sauran da kashi 19 zuwa 28 cikin ɗari. Wani binciken kuma na Jami'ar Harvard a 2016, a kan mata ma'aikatan jiyya kusan 90,000, ya nuna masu zuwa wurin ibada ko da sau ɗaya a mako sun fi sauran nisa da kashe kai, nesa ba kusa ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Yawancin waɗannan bincike a kan Kiristocin Amurka aka yi su, ko da yake daga baya ɗaliban Pargament sun faɗaɗa aikin zuwa Musulmi. Kuma ganin abu biyu suna tafiya tare bai tabbatar da ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, domin mai yiwuwa ne wanda ciwo ya riga ya kama shi ne ya daina zuwa masallaci ko coci. Duk da haka hujjojin sun taru har manyan ƙungiyoyin likitoci suka sauya matsayi. A 1994 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi wajen tantance cuta ya ware matsalar addini a matsayin abin kulawa wanda ba hauka ba ne, a 2015 kuma ƙungiyarsu ta duniya ta amince cewa ya kamata likita ya tambayi maras lafiya game da imaninsa cikin ladabi. Abin da aka yi wa Badri dariya a kai a da, yau ya shiga manhaja.

Ga inda abin ya shafe mu. In ka ce wa mai ciwon damuwa rashin tawakkali ne ke damunsa, ko ka tabbatar masa cewa kishiyar uwarsa ce ta yi masa asiri, ko ka ce aljani ya aure ta, to ka tura shi cikin riƙon nan na biyu mai kisa. Addinin da ya kamata ya zama inuwa sai ka mayar masa da shi bulala.

AI A NAN ABEKUTA AKA FARA

Abin mamaki, haɗa malam da likita ba baƙon abu ba ne a Afirka. A Sudan, Dokta Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, wanda ya rasu a 1970, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shaihunan da ke karɓar marasa lafiya a zawiyoyinsu. A nan gida kuwa, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta, da ya dawo daga Ingila a 1954 sai ya ƙago tsarin ƙauyen Aro. Maimakon a kulle maras lafiya, sai a sauke shi a gidan wani mutumin ƙauye tare da ɗan'uwansa mai jiyya, da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin mutane. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2020, lokacin da mujallar likitoci ta Lancet ta buga gwajin da Farfesa Gureje ya jagoranta a Badun da Kumasi ta ƙasar Gana. An ɗauki marasa lafiya 307 masu taɓin hankali sosai, waɗanda ke kwance a wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a. Aka raba wuraren gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A kashi ɗaya, ma'aikatan ƙananan asibitoci suna zuwa a kai a kai, su ba da magani, su yi shawara da mai wurin. A ɗaya kashin kuwa aka bar su yadda suka saba. Bayan wata 6, waɗanda aka haɗa musu hannu biyu sun fi samun sauƙi a fili, sun kuma fi komawa harkokinsu. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Amma akwai gargaɗi daga Gana. Wani gwaji da aka buga a 2018 a wani sansanin addu'a ya nuna cewa ba da magani ya rage ciwo, amma bai rage kwanakin da mutane suka yi a ɗaure ba. Watau ƙwaya kaɗai ba ta kwance sarƙa. Sai an sauya tunanin mai ɗaurewa, sai kuma hukuma ta sa ido.

INDA AKA SOKE SHI

Ba mu ce Badri ma'asumi ba ne. Littafinsa na 1997 a kan cutar ƙanjamau, wanda ya ɗora alhakin yaɗuwarta a kan lalacewar tarbiyya a ƙasashen Turai, ya sha suka daga masu ganin cewa irin wannan magana tana ƙara wa masu cutar tsangwama, har da matan da mazansu suka shafa musu da jariran da aka haifa da ita. Wasu masanan kuma sun ce ya fi ƙarfi wajen rushe ginin wasu a kan gina nasa, domin har ya rasu gwaje-gwajen da aka yi a kan hanyoyin magani na Musulunci ba su da yawa, kuma akasarinsu ƙanana ne. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, aiki ne da ya rage wa ɗalibansa. Akwai kuma haɗarin wani ya fake da sunansa ya ce ruƙiyya ta wadatar. Badri bai faɗi haka ba. Mutumin da ya yi shekaru yana aiki a asibitoci, yana koyar da ɗalibai ilmin gwaji, ba zai ce a bar mai ciwo ba magani ba.

SHAWARA GA MAZAUNA KURMI

Mu da ke zaune nesa da gida abin ya fi matsa mana. Ɗan ci-rani ba uwa kusa, ba mata, ga kwana a rumfa, ga tsoron kame, ga bashi, ga labarin 'yan bindiga daga gida. In ya je asibiti kuma harshe ya zama katanga, likita na Turanci ko Yarabanci, shi kuwa ciwonsa da Hausa yake jin sa. Ciwon rai kuwa da baki ake gane shi, ba a ɗaukar hotonsa. Ba kuma gaskiya ba ne cewa mutanenmu sun ƙi asibiti. Binciken da likitocin Kano suka yi a ƙauyen Karfi a 2004 ya nuna kashi 46 cikin ɗari sun fi son maganin asibiti ga mai taɓin hankali, kashi 34 suka fi karkata ga na addu'a. Abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa hanya.

Na farko, Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin direbobi su san asibitocin da ke kusa da su. Gwamnatin Tarayya tana da na ƙwaƙwalwa a Yaba ta Ikko, da Aro ta Abekuta, da Uselu ta Binin, da Inugu, da Kalaba, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa kamar na Badun. Kowace Sabo ta tanadi mutum biyu ko uku masu jin harshen gari, masu riƙe sirri, waɗanda za su riƙa raka maras lafiya su yi masa tafinta.

Na biyu, limamai da alarammomi su san iyakar aikinsu. Addu'a da nasiha da kwantar da hankali nasu ne, ba mai ƙwace musu. Amma wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ko yake jin muryoyi, ko mai jego da ta rikice bayan haihuwa, ko mai zazzaɓi da ya fara sambatu, ko mai farfaɗiya, asibiti za a nufa da shi ranar, a bi shi da addu'a. Wanda kuwa ya fara zancen ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai ko na sa'a guda, kada kuma a tsaya yi masa faɗa.

Na uku, likitoci su ma su sauko. In maras lafiya ya ce yana shan rubutu, ba abin dariya ba ne. A tambaye shi, a saurare shi, a ce ya ci gaba da addu'arsa ya kuma riƙe ƙwayarsa, domin yawancin masu komawa ruwa barin magani ne ke mayar da su.

Na huɗu, mari da bulala da horon yunwa ba magani ba ne a kowane littafi. Duk wanda ya biya kuɗi aka ɗaure ɗansa, ya sani da hannunsa a ciki. Gwamnatocin jihohi kuma su ɗauki dokar 2023 su yi aiki da ita, su sa kuɗi, su yi rajistar wuraren da ke karɓar marasa lafiya, su riƙa kai musu ziyarar ba-zata.

Kafin a sake sa wani yaro a bayan motar shanu, a tuna tafiyar kwana biyu ce cikin rana a ɗaure, alhali asibiti na nan tafiyar sa'a guda. A fara kai shi can, a kira iyayensa a waya, liman ya je ya duba shi ya yi masa addu'a a gadonsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan Malam Malik Badri, mu kuma Ya bar mu da hankalinmu. Amin.